Wa'adin Rage Hayaƙin Masana'antu: Wa Ke Sa Ranar, Kuma Me Ya Sa Ake Ta Ɗage Ta?

Duk sanda aka ji a rediyo cewa hukuma ta ba wasu kamfanoni wa'adi su gyara yadda suke fitar da hayaƙi ko a garƙame su, musun da ke tashi a teburin mai shayi kusan iri ɗaya ne. Wani ya ce ai wannan wa'adin tun bara aka bada shi, wani ya ce shi dai 2030 ya ji, na gefe ya ce a'a 2060 ne, can wani ya rantse sati biyu kacal aka ba su. Abin shine dukkansu suna iya zama da gaskiya, don abubuwa ne daban-daban aka haɗa aka raɗa musu suna ɗaya. Ga labaran waje kuma sun ƙara dagula lissafin, a watan Yulin 2025 Indiya ta yafe wa yawancin tashoshin lantarkinta masu ƙona kwal sharaɗin rage salfa a hayaƙinsu da ta gindaya musu tun 2015, kafin nan a Afrilu shugaban Amurka Donald Trump ya ƙara wa wasu tashoshin kwal na ƙasarsa shekara biyu. Toh mutum sai ya fara tunanin ko dama can wa'adin irin wannan ba a yin shi don a cika.

Mu a Kaduna maganar ba ta nesa bace. Garin da ke da Kakuri da Kudenda da Panteka da matatar mai a hanyar Kachia, kuma unguwanni irin su Makera da Nasarawa sun haɗe da katangar kamfanoni, ai ba a ba shi labarin hayaƙi.

## Me ake aunawa tukuna

Ma'auni iri biyu ne, kuma yawancin ruɗanin daga nan yake farawa. Akwai na iskar gari, wato wadda kai da ni muke shaƙa a bakin titi ko tsakar gida. Akwai kuma na bakin bututu, wato iyakar ƙazantar da aka yarje wa kamfani ɗaya ya saki daga bututun hayaƙinsa. Na farkon alhakin gwamnati ne, na biyun shi ake ɗora wa mai masana'anta, kuma in ka ji an ce wa'adi to galibi a kan na biyun ake magana. Shi ya sa kamfani zai iya cika ƙa'idarsa tsaf amma iskar unguwar ta ci gaba da lalacewa, saboda ga janareta ga tireloli ga ƙona bola ga itacen girki, ga hazon hunturu da ke tasowa daga Sahara wanda shi ba wanda zai ba wa'adi.

Abubuwan da ake bibiya ba su da yawa. Babbansu ƙura ce mai laushi, akwai wadda ake kira PM10, akwai wadda ta fi ta ƙanƙanta PM2.5, ita wannan ta fi silin gashin kai siranta kusan sau talatin, hanci baya iya tare ta, tana wucewa can ƙasan huhu har ta kai ga jini. Sai iskar salfa, wato farar wuta, da ke fita in an ƙona kwal ko baƙin mai ko dizal mara kyau, sai iskar da ke fita daga wuta mai tsananin zafi irin ta injina, sai kuma dalma da dangoginta daga wuraren narka ƙarfe da tsofaffin batura. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ce matsakaicin PM2.5 na shekara kada ya wuce maikirogiram 5 a iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, PM10 kuma 15. A jerin da hukumar ta fitar a 2016 an saka wa Kaduna 423 na PM10, ta biyar a duniya, Onitsha ce ta ɗaya da 594. Wannan adadin bai rarrabe wace ƙurar ce ta kamfani wace ce ta titin da ba kwalta ko ta hunturu ba, dan haka ba hujja bane a kan masana'antu su kaɗai, amma dai ya nuna inda aka tsaya.

Ita kanta hukumar lafiyar ta san ba a tashi ɗaya ake kaiwa ba, shi ya sa ta jera wa PM2.5 matakala: 35, sai 25, sai 15, sai 10, kafin a sauko 5. Shawara ce dai, ba doka ba, kowace ƙasa ita ke yanka nata.

## Wa'adi kala-kala ne

Na farko shine wanda ke cikin ita kanta ƙa'idar. In aka fito da sabon ma'auni, sabuwar masana'anta dole ta cika shi tun ranar da ta kunna inji, tsohuwa kuma wadda aka gina kafin a san da zancen sai a ba ta shekaru ta yi gyara. A Amurka dokarsu ta tsaftar iska tana ba tsohuwar masana'anta har shekara uku a kan abubuwa masu guba, ana iya ƙara ɗaya in akwai dalili. A Tarayyar Turai shekara huɗu ce daga ranar da aka wallafa sabon ma'aunin wani fanni, misali na manyan tashoshin wuta ya fito a Agustan 2017 aka ce kowa ya daidaita zuwa Agustan 2021.

Na biyu shine na takardar gargaɗi, wanda mu muka fi sani. Jami'ai sun je sun duba sun ga saɓani, sai su rubuta wa kamfanin ya gyara cikin kwana kaza, in bai yi ba a sake rubutawa, daga nan a sa kwaɗo ko a tafi kotu. Wannan kamfani ɗaya ya shafa, kuma laifin ya riga ya faru. Akwai na rahoto, a ƙa'idojin NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli, ana so masana'anta ta riƙa kai rahoton binciken muhallinta duk shekara uku.

Sai kuma na buri, wanda shugabanni ke faɗa a taron duniya. 2060 ɗin nan da ake ta ambata, marigayi Buhari ne ya faɗe ta a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, kuma magana ce ta iskar da ke ɗumama duniya, ba ta ƙurar da ke sa yaro tari a Kakuri ba. 2030 kuma ta daina ƙona iskar gas ce a rijiyoyin mai. Irin wannan ba wanda ake kaiwa kotu in ranar ta wuce.

## Wa ke da hurumi

Kafin 1988 Najeriya ba ta da wata tsayayyar hukumar muhalli. Abinda ya farkar da gwamnati shine sharar guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, jihar Delta ta yanzu, a shekarar ne gwamnatin Babangida ta kafa FEPA, hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin illar duk wani babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 1999 FEPA ta narke cikin sabuwar ma'aikatar muhalli ta tarayya, sai 2007 aka kafa NESREA don tilasta bin ƙa'ida. Ita ce ta riƙa fitar da ƙa'idoji fanni-fanni, na masaƙu da fatu a 2009, na ƙarafa da na hayaƙin motoci da na ƙone-ƙone a fili a 2011, na ingancin iska gaba ɗaya a 2014 wanda aka sabunta a 2021. A jiha kuma muna da KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, dokar 2007 ta cire harkar man fetur da iskar gas daga hannun NESREA. Wannan ɓangaren yana da nasa masu kula, tun bayan dokar man fetur ta 2021 NUPRC ce ke kula da haƙowa, NMDPRA kuma tacewa da rarrabawa. Kenan mutumin Maraban Rido da ke maƙwabtaka da matata da mutumin Kudenda da ke maƙwabtaka da kamfanin abinci ko na roba, ba ƙofa ɗaya za su ƙwanƙwasa ba in suna da koke.

Batun tara kuma, a yadda aka fara rubuta dokar a 2007, kamfanin da ya karya ƙa'idar iska tararsa ba ta wuce naira miliyan 2 ba, da dubu 50 na kowace ranar da laifin ya ci gaba. A lokacin miliyan 2 ta haura dala dubu 15, yau ko dala dubu 2 ba ta kai ba. An yi wa dokar kwaskwarima a 2018, amma matsalar duk tarar da aka rubuta da naira tana nan, kuɗin na zaizayewa ita kuma na'urar da ake so a saya da dala ake sayenta.

## Me ya sa ba a cewa daga gobe

Saboda abin ba salansa bane da za ka kai Panteka a ɗaura maka kafin la'asar. Ɗauki na'urar tace ƙura mafi sauƙin ganewa, wani ƙaton ɗaki ne na ƙarfe, cikinsa an rataye dogayen buhuna na wani irin yadi mai jure zafi, ɗaruruwa a jere kamar an shanya safa, fanka mai ƙarfi na jan hayaƙin ta cikinsu, ƙurar na maƙalewa a jikin yadin iska na wucewa, lokaci-lokaci sai a buso iska mai ƙarfi ta kakkaɓe buhunan ƙurar ta zubo ƙasa cikin mazurari a kwashe. In buhu ɗaya ya yage shikenan hayaƙi ya samu hanya, in zafi ya wuce kima buhunan su ƙone, in laima ta shiga su toshe. Kaga kenan saye ɗaya ne, riƙo kuma kullum ne, kuma fankar nan wuta take ci ba dare ba rana. Akwai wata da ke kama ƙura da ƙarfin lantarki a jikin faranti, kamfanonin siminti sun san ta. Ita kuwa ta cire salfa ta fi duka tsada da girma, ana feshe hayaƙin ne da ruwan farar ƙasa, salfar ta haɗu da shi ta zama irin garin da ake zubawa a siminti ko a yi silin da shi, a babbar tashar wuta wannan kusan wata masana'antar ce aka gina a gefen ta farko.

Yanzu ka lissafa hanyar. Sai an auna hayaƙin an san me ke cikinsa, injiniya ya zana wadda za ta dace, a nemo bashi, a nemo dala, a yi oda, a jira jirgin ruwa, a fito da kaya daga Apapa, tirela ta kawo Kaduna, sannan a kashe injinan kamfani na makonni a haɗa. Tsohon gini ma wani lokaci filin da za a ajiye ta babu. Dan haka neman lokaci ba wayo bane a kan kansa, duk ƙasashen da suka yi abin sun bada lokaci. Inda gizo ke saƙar shine me aka yi da lokacin. Ba a fafe gora ranar tafiya, kamfanin da aka ba shekara uku in ya kai ta biyu bai yi oda ba to ya riga ya saɓa, ko da ranar bata zo ba, kuma hukumar da ba ta leƙa ba sai ranar ƙarshe za ta tarar da zaɓi biyu ne kawai a gabanta, ta rufe ko ta ɗage.

## Ranakun da aka yi ta ɗagewa

Misalin da ya fi kowanne tsufa a ƙasar nan shine ƙona iskar gas a yankin Neja Delta. Dokar 1979 ta ce daga 1 ga Janairun 1984 an daina. Da ranar ta zo sai aka buɗe ƙofa, wanda ya samu izinin minista ya ci gaba ya riƙa biyan tara, tarar kuwa kobo 2 ce a kan kowace ƙafa dubu ta gas a ma'aunin 'yan harkar, daga baya ta koma kobo 50, a 1998 ta zama naira 10. Duk mai lissafi ya san biyan wannan ya fi sauƙi a kan gina bututu da injinan tara gas ɗin. Aka sa 2008 ta wuce, aka sa 2020 ta wuce, yanzu ana kallon 2030. A 2005 ma babbar kotun tarayya da ke Benin ta yanke cewa ƙona gas ɗin tauye haƙƙin rayuwa ne, wutar bata mutu ba. Sai a 2018 aka mayar da tarar dala 2 ga manyan masu haƙowa, rabin dala ga ƙanana, shekara 34 bayan ranar farko.

Na biyu ya fi kusa da mu don yana cikin tankin kowace tirela da kowane janareta. A Disambar 2016, lokacin Amina Mohammed na ministar muhalli, Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka amince a daina shigo da mai mai yawan salfa, Najeriya ta ce salfar da ke cikin dizal za ta sauko daga kashi 3,000 cikin miliyan zuwa 50 daga Yulin 2017, matatun cikin gida aka ba su zuwa 2020. Yuli ta zo ta wuce. A 2020 ECOWAS ta sake sa rana, man da ake shigowa da shi Janairun 2021, matatun yankin Janairun 2025. Turai kuwa tun 2009 suke kan 10. Har a 2024 batun salfar dizal na cikin abinda ya haɗa matatar Dangote da shugabancin NMDPRA cacar baki, kowa na cewa na wancan ne ya fi datti.

Ba mu kaɗai bane. Indiya ta fitar da ma'aunin tashoshin kwal a Disambar 2015 ta ce shekara biyu, aka mayar 2022, aka raba tashoshin gida uku gwargwadon kusancinsu da manyan birane aka ba kowane rukuni ranarsa, aka ɗage a 2022, aka sake ɗagewa a ƙarshen 2024, duk tsawon nan waɗanda suka saka na'urar cire salfa ko ɗaya cikin goma ba su kai ba. A Yulin 2025 aka ce kusan huɗu cikin biyar ma ba sai sun saka ba. Hujjar gwamnati ita ce kwal ɗin Indiya ba shi da salfa sosai kuma kuɗin zai ƙare ne a kan mai biyan kuɗin wuta, masu suka suka ce iskar salfa na rikiɗa ta zama ƙurar PM2.5 a sama ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, dan haka nisa da birni ba kariya bane. Afirka ta Kudu ma haka, an sa 2015 da 2020, kamfanin wutarsu Eskom ya yi ta neman ɗagi yana samu, don ƙasar na fama da ɗauke wuta ba mai iya cewa a kashe tasha.

Akwai wanda ɗagewa ke cuta da ba a cika ambatonsa ba, shine kamfanin da ya yarda da ranar farko ya ci bashi ya saka na'ura. Shi yana biyan ruwan banki da kuɗin wutar fanka, abokin gasarsa da ya yi kunnen uwar shegu yana sayar da kaya da araha. In aka yi haka sau biyu, karo na uku ba wanda zai fara motsawa.

## Waɗanda suka tsaya

Ana cewa rana ba ta ƙarya, kuma akwai inda hakan ta tabbata. A 2001 aka yi taro a Dakar aka ce ƙasashen Afirka kudu da Sahara su daina fetur mai dalma zuwa ƙarshen 2005, kuma aka daina. Hukumar jiragen ruwa ta duniya ta tabbatar a 2016 cewa daga 1 ga Janairun 2020 salfar man jirgi za ta sauko daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5, masu jirage sun yi ƙorafi amma ranar bata motsa ba. China ta tilasta wa tashoshin kwal ɗinta ma'auni mai tsauri daga wajen 2014, ta haɗa da ƙarin kuɗi a kan wutar da tashar da ta cika ta sayar, ta kuma dasa na'urorin da ke auna hayaƙi dare da rana suna tura sakamako kai tsaye ga hukuma.

In ka duba su za ka ga wurin da ake tsarewa kaɗan ne kuma awon mai sauƙi ne. Fetur ta matata ko tashar ruwa yake shigowa, jirgi dole ya tsaya a tasha a ɗebi man tankinsa a gwada. Ka kwatanta da awon bututun kamfani sau ɗaya a shekara, wanda an san ranar zuwan masu awon, mutum ya hau tsani da kayan aiki ya zura ƙarfen awo ta wata 'yar ƙofa a jikin bututun na 'yan sa'o'i, ya sauko, kuma sau da yawa kamfanin ne ya ɗauko shi ya biya shi. Abinda bututun ke yi ƙarfe biyun dare ba ya cikin wannan takardar.

## Bakin kowa

Masu masana'antu na cewa a duba halin da ake ciki. An cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta faɗi, a Afrilun 2024 wutar rukunin A ta tashi daga wajen naira 68 zuwa 225, ruwan banki ya yi sama har babban banki ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 a ƙarshen 2024, a haka za a ce su nemo dala su sayi na'urar da ba ta ƙara ko yadi ɗaya a abinda suke samarwa. Suna kuma kukan cewa tarayya ta zo jiha ta zo ƙaramar hukuma ta zo, kowa da rasit ɗinsa a kan abu ɗaya. Kuma rabin hayaƙin nasu na janareta ne, wanda da akwai tsayayyar wuta da ba su kunna ba.

Ma'aikata na tsakiya. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a nan Kaduna take, kuma duk wanda ya ga yadda Kakuri ta koma bayan masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, da sauran masaƙun sun durƙushe, ya san me rufe ƙofar kamfani ke nufi ga mai abinci da mai gidan haya da ɗan acaɓa. Sai dai ya kamata a faɗa, ba dokar muhalli ce ta kashe masaƙun ba, wuta da baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfa da tsofaffin injina ne. Kuma ma'aikacin nan shi ya fi kowa kusa da ƙurar, iyalinsa ma a bayan katangar suke.

Likitoci da mazauna unguwa nasu lissafin daban ne, su a wurinsu duk shekarar da aka ƙara wani ne ke biya, da asma da tarin yara da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, sai dai kuɗin ba a littafin kamfani yake fitowa ba, a kemis yake fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya na danganta mutuwar mutum kusan miliyan 7 duk shekara da gurɓatar iska, ta waje da ta cikin gida. Suna kuma tuna sashe na 20 na kundin tsarin mulki da ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, ko da yake yana cikin babin da ba a saba kai ƙara a kansa kai tsaye ba.

Su kuma jami'an hukuma in ka zauna da su za su ce maka kayan awo da motoci da ma'aikata ba su isa ba, kuma rufe babban kamfani ba abu bane da ƙaramin jami'i zai yi ya kwana lafiya. Akwai hanyar tsakiya da wasu ƙasashe ke bi, a ɗage amma da sharaɗi: nuna takardar oda zuwa wata kaza, fara gini zuwa wata kaza, tara na ƙaruwa duk wata, tashar da ta ce ta tsufa ba za ta gyara ba ta rubuta ranar da za ta rufe.

## Abinda zai iso ƙofar gida

In aka tsaya a kan wa'adi, wani abu na kuɗin zai biyo farashin kaya, siminti ko rodi ko abin sha, kuma ƙaramin kamfani zai fi jin jiki a kan babba. Wasu za su koma iskar gas maimakon dizal da baƙin mai, wanda shi ne dalilin da ya sa masu masana'antun Kaduna da Kano ke zuba ido a kan bututun gas na AKK, wato Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, don canza makamashi kan rage salfa da baƙin hayaƙi tun daga tushe ba sai an tace ba. In kuma aka ci gaba da ɗagewa, farashi ba zai nuna ba, amma matar da ke shanya fararen kayan makaranta ta kwashe su da ɗigo-ɗigon baƙi za ta ci gaba da sake wanki.

Sai dai kar a ɗauka wa'adin manyan kamfanoni zai share sararin Kaduna. Mai narka gwangwani yana zuba tukunya, gidan burodi mai itace, injin casar da ke ƙona ɓuntun shinkafa a bayan gida, masu babbakar fata da taya, masu fasa dutse a bakin gari, waɗannan dubbai ne, ba su da bututun da za a hau a auna, kuma takardar gargaɗi ba abinda take yi musu illa ta kore su zuwa wani lungun. Su abinda ke aiki a kansu shine wuri na musamman nesa da gidaje, murhu mai kyau, da mai mai tsafta a gidan mai.

Ga wanda ke zaune kusa da wata masana'anta, in ya ji an bada wa'adi akwai abinda zai tambaya: wace hukuma ce, wane irin wa'adi ne cikin waɗancan, wace rana ce takamaimai, wa zai auna, kuma ina za a ga sakamakon. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar tarayya irin NESREA ya nemi takarda, kuma kwana bakwai doka ta ba ta ta amsa. Sabon babban aiki kuma ana baje rahoton nazarin muhallinsa na kwanakin aiki 21 don jama'a su yi magana, galibi har a sakatariyar ƙaramar hukuma, lokacin ne mai unguwa da ƙungiyar matasa ke da bakin magana, kafin a zuba fandisho.

Sai batun matatar Kaduna. An buɗe ta a 1980, ƙarfinta ganga dubu 110 a rana, wani ɓangarenta an gina shi ne don ɗanyen mai mai nauyi da ake kawowa daga waje a fitar da kwalta da man juye, kuma ta shafe shekaru bata tace mai ba. A 2023 NNPC ta ba kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyara. Duk ranar da ta tashi za ta tarar wa'adin ECOWAS na Janairun 2025 ya riga ya wuce ta, kenan dole NMDPRA ta fayyace abu biyu, dizal ɗin da za ta fitar a kan wane ma'auni za a karɓe shi, kuma hayaƙin bututunta a matsayin tsohuwar masana'anta za a auna shi ko sabuwa.